Jirgin Ghali da Ragon Zuwaira

Na rantse da wanda ya busa min numfashi, in na gama ba ka labarin nan ba za ka yarda ba. Cewa za ka yi zama na yi na shirya. To, ka hau mota ka sauka a Kwanar Dangora, ka tsayar da duk wanda ka fara cin karo da shi, ka ce masa, "Ina labarin jirgin Ghali?" In bai nemi wurin zama ba saboda dariya, ka dawo ka ƙaryata ni a gaban jama'a.

Ghali saurayi ne dogo, kyakkyawa, mai kaifin ƙwaƙwalwa irin wadda ba a cika samu ba daga Bebeji har Doguwa. Gyaran rediyo da tocila da waya yake yi a bakin kwanar, a ƙarƙashin wata rumfa rabinta kwano rabinta sararin Allah, don bai samu sukunin ƙarasa rufin ba. Makarantar koyon sana'a ya bari a aji biyu. A faɗarsa, malaman ne suka fara yi masa tambayoyin da su kansu amsar suke nema, shi kuwa ba ya son ya kunyata manya. A allon rumfarsa ya rubuta INJINIYA GHA, fenti ya ƙare, haka allon yake har yau. Akwai kuma rijiyar da ya fara haƙawa a gidansu, zurfinta ya kai tsawon gaba guda da rabi ya tsaya. Kaji ne suke kwanci a ciki yanzu, kuma suna jin daɗinta ƙwarai.

Shekara biyu yana zuwa zance wurin Zuwaira, 'yar Baba Mas'ud. Zuwaira man gyaɗa take matsa, tana yin ƙuli, kuma bakinta ya fi wuƙar mahauta kaifi. Ban da wannan tana da wani rago fari, Balami, da ta turke a bayan gida tun watanni takwas, tana kiwata shi don layyar mahaifinta. Shi kuwa Baba Mas'ud, da ƙuruciyarsa lodi ya yi a filin jirgin sama na Kano, zamanin jiragen kaya masu farfela biyu, waɗanda in sun tsaya hancinsu na sama jelarsu na ƙasa. Abin da ya rage masa na wancan zamani hoto ɗaya ne, yana tsaye da gajeren wando a ƙarƙashin fiffike, buhu a kafaɗa. Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, amma hoton kullum yana aljihun gaba.

Wata ranar Talata bayan la'asar, Ghali ya durƙusa a gindin darbejiyar ƙofar gidan, inda tsofaffi suke zama, ya gaishe da kowa, sannan ya yi ta kewaye-kewaye har ya iso kan maganar turo magabata.

Baba Mas'ud ya juyo da fuskarsa inda murya take fitowa. "Ghali, faɗa min abu ɗaya da ka taɓa farawa ka gama."

"Baba, ai suna da yawa."

"Ɗaya na ce."

Ghali ya buɗe baki.

"Ban da kwanon tuwo," in ji tsohon.

Ghali ya rufe bakin. Tsofaffi suka yi ta murmushi suna kallon ƙasa.

"Aure ba rumfa ba ne da za a rufe rabi a bar rabi," Baba Mas'ud ya ce. Ya zaro hotonsa yana shafawa da babban yatsa, kamar ya manta da Ghali. "Wannan ma yanzu ba na ganinsa. Sai dai in ji santsin takarda. Da zan ƙara ɗora hannuna a jikin jirgin nan sau ɗaya, in taɓa ƙofar da muke loda fata da goro, da na ce alhamdulillahi."

Da Ghali mutum ne mai tsoro, da ya yi shiru ya tashi. Amma shi bakinsa kullum yana riga shi isa wuri.

"Baba, wannan ne kawai? Ni zan ƙera maka shi."

"Jirgi?"

"Ƙaraminsa, amma sak. Duk kamu goma na babban, kamu ɗaya a nawa. Farfela, taya, jela, ƙofar lodi, har ƙusar ƙarshe. Ka shafa da hannunka, in ka ji bambanci ka kira ni duk sunan da ka ga dama."

"Daga bakin fiffike zuwa baki kamu sittin ne," in ji tsohon. "Ni na auna da hannuna wata rana da aiki ya yi sauƙi."

"Nawa shida ke nan. Ka ga har na fara."

"Farawa ba ta taɓa ba ka wahala ba. Juma'a huɗu na ba ka. Ka gama, ka turo magabatanka. Ka kasa, ka dinga gaishe ni daga tsallaken titi."

Zuwaira tana cikin zaure tana jin komai. Da Ghali ya zo wucewa ta ce, "Injiniya, in ka yi fiffike ɗaya ka gaji, ka kawo min, ina neman mafici."

Ghali ya ɗauki hoton a wayarsa ya tafi yana tafiyar matuƙa jirgi.

Abu na farko da ya hango, wanda ƙaramar ƙwaƙwalwa ba za ta hango ba, shi ne ɓarayin fasaha. In ya ba mutum ɗaya aikin fikafikan duka biyu, gobe sai ka ji mutumin ya buɗe kamfani. Don haka ya raba. Na dama ya kai wa Ɗantani kafinta, wani ɗan gajere da in ya tsaya bayan bencinsa hularsa kawai ake gani. Na hagu ya hau babur ya kai wa Hamidu mai saƙar zana a rugarsu ta hanyar Kiru, wani dogon Bafillace da ke tsinko mangwaro ba sanda. Ya ba kowannensu gwangwala, ya ce masa kamu uku cif, kuma kada ya gaya wa kowa.

Ranar Litinin suka kawo aiki, suka haɗu a tsakar gidan su Ghali. Aka jera fikafikan a ƙasa. Na Hamidu ya wuce na Ɗantani da abin da ya kai tsawon muciya.

"Wa ya yi wannan aika-aika?" in ji Ghali.

Ɗantani ya durƙusa ya auna nasa da hannunsa. "Ɗaya, biyu, uku. Cif."

Hamidu ya auna nasa da nasa hannun. "Ɗaya, biyu, uku. Cif."

"Naka hannu ne ko tabarya?" in ji Ɗantani. "Ni da kamun nan nawa na auna ƙofofin rabin garin nan."

"Ashe shi ya sa duk gidan da na shiga sai na buge goshi," in ji Hamidu.

Ɗantani ya juyo kan Ghali. "Kai Injiniya, ban ce ka ba ni da inci ba? Ga tef a aljihuna. Ka ce jirgin zamanin da ne, ba a auna shi da inci."

"Sai a rage na Hamidu," Ghali ya ce.

"A taɓa min aiki a gani," in ji Hamidu cikin sanyin murya. "Kwana huɗu na yi a kansa."

"To a ƙara naka, Ɗantani."

"A ƙara me? Nawa ne daidai."

Suka tafi kowa yana huci, ba wanda ya yi wa wani sallama. Ghali ya tsaya a kan fikafikansa ya ce a ransa ƙaramin abu ne, zai yi wa gajeren ƙari da kansa.

Gangar jikin da karan dawa ya ɗaura ta, ya manne da takardar buhun siminti da kokon rogo. Ta fito da kusurwa-kusurwa kamar akurkin kaji. Jirgi kuwa sumul yake, hancinsa a mulmule, injinansa kamar tulu. Sai ya ɗebo yumɓu ya shafe. Da yumɓun ya bushe, ya tsattsage, ya faɗo da hancin gaba ɗaya a kan babban yatsan ƙafarsa. Kwana biyu yana ɗingishi, yana gaya wa mutane raunin aiki ne, duk injiniyan kirki yana da irinsa.

Juma'a ɗaya ta wuce, ta biyu ta matso. A ranar Laraba ya je zance ya tarar Zuwaira tana haɗa wa rago abinci a baho: tunkuza, wato dunƙulen gyaɗar da aka matse wa mai, da dusa, da ɗan ruwan kanwa. Ya sa hannu ya ɗan mulmula. Abin ya bi hannu kamar ya san shi. Ya tuna yadda ƙuli yake bushewa ya yi tauri har ya karya haƙori, kuma ba nauyi. Ga dusa ta ƙara masa sauƙi. Ga kanwa, wadda a lissafinsa gara ba za ta kusanta ba. Nan take Ghali ya ji abin da manyan masu ƙirƙira suke ji.

"Zuwaira, kawo in kai masa. Ke kin gaji."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Yau kuma? Lafiya?"

"Mutum ba zai taimaki iyalinsa ba?"

"Iyalin wa? Ka gama jirgin?"

Amma ta miƙa masa bahon. Ya zagaya bayan gida, ya zuba wa rago tafi biyu, sauran ya juye a wani tsohon buhu da ya tsinta rataye a katanga, ya cilla ta bayan danga inda babur ɗinsa yake. Ragon ya cinye tafi biyun, ya ɗago kai ya dube shi. Ghali ya ce masa, "Aro ne. Kai ma za a ambace ka in an zo tarihi."

Ka ji fa, niyyarsa sau ɗaya ce. Amma shafe hancin jirgin kaɗai ya cinye baho biyu. Injin dama baho uku, na hagu uku. Ƙarin fiffiken Ɗantani kuwa, da yake ba ƙashi a ciki, sai ya yi ta karyewa, ana sake shafawa. Ghali ya zama ba ya fashin zance. Kullum la'asar yana nan, kullum shi ne mai kai wa rago abinci, har matan gidan suka fara cewa yaron nan ashe yana da hankali.

A gidansu kuwa abubuwa suka fara faruwa. Tururuwa ta yi layi daga bakin ƙofa har jela. Kajin rijiya suka bar ƙwansu suka dawo tsakar gida. Ɓeraye suka cinye tayar baya, ya sake wata, suka cinye. Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce ta ji ƙanshi, ashe an fara ƙuli a gidan ba a sanar da unguwa ba. Ghali ya ce mata wani sinadari ne daga Kano, sunansa ma ba zai faɗu a bakinta ba. Daga ƙarshe ya rataye jirgin da igiya a reshen mangwaro, ya shafa toka a igiyar, ya zauna a ƙasa da sanda yana korar tsuntsaye.

Rago kuma ya fara zubewa. Ƙugunsa ya fito, wuyansa ya yi tsawo. Zuwaira ta ba shi maganin tsutsa, ta ƙara tunkuza, ta ƙara dusa. Ghali ya ji daɗin ƙarin, don lokacin yana kan jela. Da abin ya ishe ta, ta aika aka kira Hamidu, tunda ya san dabba. Ya buɗe bakin ragon, ya duba ido, ya matsa ciki.

"Ba shi da ciwo," in ji Hamidu. "Yunwa ce."

"Yunwa? Baho guda yake tashi da shi kullum. Tambayi Injiniya, shi yake kai masa."

"Tas yake cinyewa," in ji Ghali. "Ni a ganina tunani ne. Ya ji ana maganar Sallah ta matso. Dabbobin nan suna ji fa."

Duk wannan magana ragon bai kalli Hamidu ba, bai kalli Zuwaira ba. Ghali kawai yake kallo, yana ja da baya a hankali har igiya ta miƙe, yana kafta ƙasa da ƙafar gaba.

"Ya saba da kai," in ji Hamidu, yana duban Ghali ta gefen ido.

"Sosai. Shaƙuwa ce."

A faɗi gaskiya, a satin ƙarshe Ghali ya yi aikin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Rumfa a rufe, ko an kira waya ba ya ɗagawa. Farfela ya yanko daga murfin tsohuwar tukunya, suna juyawa in an hura. Tagogi daga fasasshen gilashin waya. Jikin ya shafe da farar ƙasa da ɗan toka, ya fito ruwan azurfa daga nesa. Ƙofar lodi ita ta fi cin lokacinsa. Ya yi ta zuƙo hoton a waya har ya gano ƙofar biyu ce, tana buɗewa gefe da gefe, a hagu wajen jela. Ya yanke ta daga gwangwanin madara, ya yi mata maƙalai da wayar birkin keke, da 'yar sakata. Kwana uku a kan ƙofa kaɗai. Sannan ya ce jirgin kaya ba kaya ai wasan yara ne. Ya yayyanka tsohon buhun nan da yake jigila da shi, ya ɗinka 'yan buhuna goma sha biyu kamar babban yatsa, ya cika su da dusa, ya jera a ciki.

Ranar Juma'a ta huɗu, ana saukowa daga masallaci, ya ɗora jirgin a kan kurar ruwa ta aro, ya lulluɓe da zanin gado, ya kama turawa. Faɗinsa ya cike lungu. Fiffiken Hamidu ya kwashe wa wani mai rake hula, ya shafo tiren mai goro. Kaji suka biyo baya. Awaki uku suka biyo kaji. Kafin a kai titi awakin sun zama goma sha, ga wani jaki da ya bar mai shi ya shigo layi.

"Injiniya, kai da iyalanka ne?" wani ya tambaya daga rumfar mai shayi.

"Ko dabba ta san abin mamaki," in ji Ghali, yana harbin wata akuya da ƙafa.

A ƙofar gidan Baba Mas'ud mutane sun fi na ɗaurin aure. Ɗantani na gefe guda, Hamidu na ɗaya gefen, kowa ya zo ganin fiffikensa. Mata sun cika zaure, Zuwaira a gaba ta harɗe hannu. Samari suka yi da'ira suna tare awaki. Ghali ya gyara hula ya yi jawabi. Ya ce abin da za su gani yau, a duk ƙasar nan mutum biyu ne za su iya shi, ɗayan kuma ya rasu. Ya ce kayan haɗin daga Kano aka kawo, wasu ma Kanon aikowa aka yi. Sannan ya yaye zanin.

Wallahi jirgi ne. Hanci sama, jela ƙasa, iska ta taɓa farfela suka juya. Har Zuwaira ta saki hannunta.

Aka kamo hannun Baba Mas'ud. Ya fara daga hanci, yana shafawa a hankali. Ya sauko kan inji, ya juya farfela da yatsa. Ya bi fiffiken hagu da gwiwar hannunsa yana aunawa, ya zagayo ya bi na dama.

"Wannan na dogo ne," ya ce. "Wannan na gajere, an yi masa ciko."

"Ka ji ko," in ji Hamidu.

"Ciko ba aikina ba ne," in ji Ɗantani.

Tsohon bai kula su ba. Hannunsa ya bi gefen hagu har wajen jela, ya tsaya. Yatsunsa suka sami 'yar sakatar, ya zare, ƙofar ta buɗe gefe da gefe.

"Nan nake tsayawa," ya ce a hankali. "Mu'azu yana ciki yana karɓa, ni ina miƙa masa. Allah ya jiƙan Mu'azu."

Jama'a suka ce amin. Ghali ya ji ƙirjinsa ya cika har rigar ta yi masa kaɗan. Ya fara lissafa wanda zai tura cikin kawunnansa.

Sai tsohon ya kai hannunsa hanci ya shinshina.

"Jiragenmu warin mai suke yi," ya ce. "Amma ba man gyaɗa ba."

"Sabon sinadari ne, Baba."

Daga bayan gida aka ji wani abu ya yi ƙara, kamar an tumɓuke turke. Turken ne kuwa. Ragon ya ɓullo ta lungu yana jan igiya da guntun itace, ƙashin haƙarƙarinsa a waje, hancinsa a sama. Samarin da ke tare awaki suka dare. Ya tsaya, ya dubi jirgi, ya dubi Ghali, kamar mai shawarar da wanne zai fara.

Da Ghali ya fara. Ya same shi a daidai inda ake zama, ya aika shi ƙarƙashin kura. Sannan ya juya ya kafa baki a injin dama.

"Ku riƙe shi!" in ji Ghali daga ƙasa.

Wa zai riƙe? Da'ira ta riga ta fashe. Awaki suka hau kura, jaki ya kama jela, kaji suna tsintar abin da ya zubo. Hamidu ya janye Baba Mas'ud gefe. Ɗantani ya kutsa yana ƙoƙarin ceto fiffikensa, wata akuya ta bi shi tana cin cikon. Ragon kuwa ko ɗaga kai bai yi ba. Ya gama injin dama, ya zagaya ya kama na hagu, ya dawo kan hanci, yana ci da natsuwar mai karɓar haƙƙinsa.

Zuwaira ta fito daga zaure ba gaggawa. Ta sunkuya ta ɗauki wani ɓallin hanci, ta murƙushe a tafin hannu, ta shinshina, ta ɗan taɓa a harshe.

"Injiniya."

"Na'am."

"Fito."

Ya fito da rarrafe, toka har gira.

"Sinadarin nan na Kano, a wace unguwa ake yin sa?"

"Wajen... can ciki ne. Ba ki san wurin ba."

"Kanwarsa ta ɗan yi yawa. Ni ma haka hannuna yake."

"Ai tunkuza duk ɗaya ce a duniya, Zuwaira. Kama ce kawai."

"Na ce muku yunwa ce," in ji Hamidu, ba wanda ya tambaye shi.

"Sharri ne," in ji Ghali, yana juyawa wajen jama'a. "Ina shaida? Rago ba ya shaida a shari'a."

Baba Mas'ud ya buɗe tafin hannunsa. Ashe lokacin da aka janye shi, ya taho da ƙofar gwangwanin da ɗaya daga cikin 'yan buhunan. "Zuwaira, duba min wannan. Na ji kamar da faci a jiki."

Ta karɓa ta ɗaga sama kowa ya gani. A gefen ɗan buhun akwai ƙyallen atamfa shuɗiya mai zanen kifi.

"Tsohon zanina ne," ta ce. "Da shi na yi wa buhun dusata faci. Sati biyu ina neman buhun nan."

Dariyar da aka yi a wurin, direbobin da ke lodi a kwana sun ce sun ji ta. Ɗantani ya riƙe Hamidu don kada ya faɗi, gabar fiffike ta ƙare a nan. Ghali ya duba hagu ya duba dama, ba hanya, ya durƙusa.

Tsohon ya bari aka lafa. "Ghali, jirgin nan, me ya rage?"

Ghali ya waiwaya. "Gwangwala, Baba. Da farfela ɗaya."

"To a tsakaninku kai da ragon nan, na ga shi ne in ya fara abu yake gamawa."

Aka sake kwashewa.

"Amma Baba, ai na gama. Ka shafa da hannunka."

"Na shafa. Ƙofar nan daidai take, ba zan ci haƙƙinka ba." Ya zura ta a aljihun gaba, inda hoton yake. "Sai dai da cikin ragona ka gina jirginka. Jirgin ya koma inda ya fito, amma naman da ya zube bai dawo ba. Zuwaira, me kika ce?"

"Kwana goma sha shida ya rage Sallah," in ji ta. "Ciyawa ɗanya buhu biyu kullum, safe da yamma, daga fadama, da laujensa. Ruwa shi zai ɗebo. Turke shi zai share. Abinci ni zan haɗa, shi zai kai, ina tsaye ina kallo har a lashe bahon."

"In ya mayar da ragon yadda ya same shi, ya turo magabatansa," in ji tsohon. "Hamidu ne zai duba."

"Da hannuna zan auna," in ji Hamidu.

"A'a," in ji Ghali da sauri. "A ba Ɗantani. Da kamunsa ragon zai fi girma."

Ba a ba Ɗantani ba.

To, ka ji yadda aka yi. Masu baƙin ciki suna cewa an kunyata Ghali. Ni kuwa na ce a nuna min wani a duk ƙasar Kano da ya taɓa ƙera jirgin da aka yi rububinsa haka, har jaki. Yau kwana tara ke nan, bai yi fashi ko ɗaya ba, abin da shi kansa yake ba shi mamaki. Ragon ya fara cikowa, ko da yake har yanzu ba a juya masa baya. Akwai sauran bayani a kan yadda aka haɗa farfelar, wanda na so in rubuta saboda masu ilimi, amma ga Zuwaira can a bakin zaure da baho a hannu tana tambayar wai Injiniya rubutu aka ce ya yi ko ciyawa. Laujen ma ban wasa ba, kuma zaman bencin nan har yanzu da gefe ɗaya nake yin sa.